Shu-rab a tukunyar Bahaushe: yadda ake haɗa miya mai sulɓi a Abidjan ba tare da kirim ɗin kanti ba

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin girki na Faransanci, ko yake kallon masu koyar da girki a wayarsa, ya san miyar nan mai sulɓi da ake sha da cokali, wadda Faransawa ke kira velouté. Kusan kowane bayani a kanta da abu ɗaya yake ƙarewa: a sauke tukunya, a zuba kirim. To ga mazaunin Adjamé ko Treichville, a nan gizo ke saƙar. Kirim ɗin madara sai a firjin manyan kantuna, mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin cefanen gida mai yara, kuma da an buɗe shi ba ya jure zafin Abidjan. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke ɗaukar irin wannan miya a matsayin abincin otal.

Alhali dabarar da ke cikinta tana tukunyar Bahaushe tun kaka da kakanni. Duk wadda ta iya miyar taushe ta riga ta iya velouté, suna ne kawai ya bambanta. Don a ga haka a fili, za mu ɗauki wani kayan lambu da ba mu saba da shi ba, wanda Faransawa ke kira chou-rave, mu kuma za mu rubuta shi shu-rab yadda bakinmu ke faɗa. Za mu ga abin da yake, yadda ake miya da mahaɗi da shi, da abin da zai maye gurbinsa ranar da ba a same shi a kasuwa ba.

Mene ne shu-rab?

A ido, curi ne kamar babban lemo, fatarsa koriya mai haske ko shuɗiya mai ja-ja, ga ganyaye masu dogayen hannuwa sun fito ta ko'ina a jikinsa. Wanda ya fara ganinsa zai ɗauka saiwa ce irin dankali ko rogo. Amma curin nan kara ne da ya kumbura a saman ƙasa, saiwar tana can ƙarƙashinsa. Ko fatar koriya ce ko shuɗiya, cikinsa fari ne. Ɗanyensa yana da garas-garas da ruwa-ruwa da ɗan zaƙi, ɗanɗanonsa kuma ya yi kusa da na zuciyar kabeji, wato farin itacen nan na tsakiya da yara ke karɓa su ci idan ana yanka kabeji.

Wannan kama tana da dalili. Shu-rab da kabeji, wanda a Nijar ake kira shu, da farin kabeji mai fure da Faransawa ke kira chou-fleur, da brokoli, duk tsiro ɗaya ne da masana suka sa wa suna Brassica oleracea. Manoma ne suka yi ta zaɓen iri tsawon ɗaruruwan shekaru: wasu suka bi ganye har ya naɗe ya zama kabeji, wasu suka bi fure, wasu suka bi kara har ya kumbura. Mu ma mun san irin wannan a gonakinmu. Dawar tuwo da takanɗar da ake sha da karan dafin da dukawa ke rina fata da shi, duk dawa ce, kowace an zaɓe ta ne saboda abin da ake so a jikinta.

A rubuce, wani masanin tsirrai ɗan Italiya mai suna Mattioli ya ambace shi a shekarar 1554. Jamusawa na cikin waɗanda suka fi cinsa a Turai, kuma sunan da suka ba shi, Kohlrabi, shi ne ya bazu cikin harsuna da dama. Mutanen Kashmir suna dafa curin da ganyen tare su ci da shinkafa, haka nan a arewacin Biyetnam kayan miya ne na lokacin sanyi. Ke nan ba abincin Turawa kaɗai ba ne. Talakawa masu cin shinkafa kamar mu sun daɗe da mayar da shi nasu.

Me yake ƙara wa kwano?

A giram 100 na ɗanyen shu-rab akwai kalori 27, da sinadarin bitamin C kimanin miligiram 62, wanda ya ɗan fi na lemon zaƙi mai nauyi ɗaya. Akwai harza, wato zaren da ke taimaka wa hanji aiki, giram 3.6, da sinadarin potasiyom kimanin miligiram 350. Idan aka gwada da dankalin Turawa, wanda ke da kalori 77 da kusan giram 17 na sitaci da dangoginsa, shu-rab giram 6 kawai yake da shi.

Waɗannan alƙaluma suna da muhimmanci idan aka dubi abin da muke ci a Abidjan. Da safe burodi, da rana aceke ko shinkafa, da dare tuwo ko futu ko plakali, a tsakani kuma aloko. Dubi kwanon garba, abincin da ya ɗauki sunan Bahaushe saboda 'yan Nijar da suka yi suna wajen sayar da shi: aceke ne da soyayyen kifin tuna da mai, sai 'yar albasa da tumatir da barkono da ba su cika tafin hannu ba. Yana ƙosarwa, yana da araha, ya riƙe ɗalibai da leburori da yawa, amma kayan lambun da ke kansa kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Kwano ɗaya na miyar da za mu bayyana a ƙasa yana ɗauke da kimanin giram 200 na kayan lambu, wato rabin abin da ake nema a yini.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Shu-rab abinci ne, ba maganin ciwon suga ko hawan jini ba, don haka mai shan magani ya ci gaba da shan abinsa. Mai ciwon ƙoda kuma, wanda likita ya iyakance wa potasiyom, ya tambayi likitansa kafin ya yawaita ci.

Inda za a nema, da yadda ake zaɓe

Kasuwar Guro ta Adjamé, inda matan ƙabilar Guro da ƙungiyoyinsu suka daɗe suna riƙe da cinikin kayan abinci, cike take da ayabar dafawa, rogo, doya, gauta, kuɓewa, tumatir, attaruhu da kabeji. Albasa kuwa sana'ar da aka san 'yan uwanmu da ita ce, har da ta Galmi da ke yin tafiyar sama da kilomita 2,000 kafin ta iso bakin teku. Shu-rab ba ya cikin kayan da ake tarawa kullum a nan ko a babbar kasuwar Treichville, domin tsiro ne mai son sanyi, Abidjan kuwa zafi da laima ne kusan duk shekara. Mai nemansa ya tambaya da sunansa na Faransanci wajen masu sayar da karas, latas, navet da sauran kayan lambun Turawa, ko a kantunan da ke shigo da kayan lambu daga waje.

Idan an samu, a zaɓi ƙarami ko matsakaici, wanda faɗinsa bai wuce santimita 5 zuwa 8 ba. A ɗaga a ji nauyi a hannu, fatar ba tsagewa ba yamutsewa. Wanda ya girma da yawa yakan yi itace a ciki, musamman ta gindi, kuma duk dahuwar da aka yi masa zaren ba ya narkewa. Idan da ganye a jiki, kuma ganyen bai yi yaushi ba, alama ce bai daɗe da barin gona ba. Kada a bari mai sayarwa ya yanke ganyen ya zubar, miya ce guda.

Wajen ferewa a zurfafa wuƙa. Ƙarƙashin fatar akwai wani ɓawo na biyu mai zare-zare, shi ma sai an cire shi har a kai ga farin tsoka mai ruwa. Rashin cire wannan ɓawo ne ke sa mutum ya gama markaɗa miya ya riƙa jin zare a harshe.

Ranar da ba a samu ba, girki bai tsaya ba. Mafi kusa da shi a ɗanɗano ita ce zuciyar kabeji tare da fararen jijiyoyin ganyen, sai karan farin kabeji. Navet ma yana yi, amma yana da ɗan ɗaci da yaji, don haka a haɗa shi da dankali. Ɗanyar gwanda da ba ta fara nuna ba, idan aka fere ta, aka cire 'ya'yan, aka wanke ƙaron da kyau, tana ba da jiki mai laushi ba tare da wani ɗanɗano mai ƙarfi ba. Kabewa kuwa tsohuwar abokiya ce.

Abubuwa uku da ke sa miya sulɓi

Kafin a shiga awo, yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa a cikin tukunya, domin wanda ya gane dalili ba ya dogara da littafi.

Na farko shi ne jikin kayan lambun kansa. Idan ya dahu ya yi laushi aka markaɗa shi, yana farfashewa ya zama ƙananan ɓarɓashi da ke riƙe ruwa. Na biyu shi ne sitaci. Idan ya ji zafi cikin ruwa yana kumbura ya ɗaure miyar, kamar yadda gasara ke ɗaure koko. Shu-rab ba shi da sitaci sosai, shi ya sa ake sa masa dankalin Turawa ɗaya, ko yankan doya, ko cokali biyu na dafaffiyar shinkafa. Na uku shi ne maiƙo, wanda ke sa miya ta yi santsi a harshe, kuma ya riƙe ƙamshin kayan yaji. Aikin kirim ke nan, domin kusan kashi 30 cikin 100 nasa maiƙo ne.

Yanzu a dubi miyar taushe. Kabewa ce jiki, ita ce kuma ke ba da kauri idan aka burge ta. Gyaɗa ce maiƙo, tunda kusan rabin nauyinta mai ne, ga kuma sinadarin gina jiki kimanin kashi 25 cikin 100 da kirim ba shi da kamarsa. Maƙwabtanmu 'yan Kwaddebuwa ma haka suke yi da miyar gauta: su dafa, su murje, su mayar cikin romo. Tsarin ɗaya ne daga Katsina har Treichville har Faris.

Miyar sha ta shu-rab, ta mutum huɗu

Kayan haɗi: shu-rab matsakaita guda 3, kimanin giram 600 bayan an fere. Albasa babba 1. Dankalin Turawa matsakaici 1. Tafarnuwa ƙwaya 2. Ɗanyar citta kamar kan ɗan yatsa. Man gyaɗa ko man shanu cokali 2. Romon kaza ko na ƙashi, ko ruwa zalla, lita 1. Gishiri kaɗan da masoro.

A yanka albasa ƙanana, a zuba cikin mai a kan wuta kaɗan. Ana so ta yi laushi ta yi haske, kada ta yi ja, domin idan ta soyu miyar za ta yi duhu da ɗaci. Wannan zai ɗauki kamar minti 5. A zuba tafarnuwa da citta da aka daka, a juya na minti ɗaya. Sai a kawo shu-rab da dankali da aka yayyanka daidai girman dunƙulen suga, a juya su cikin man na minti 2 ko 3. A zuba romo iya yadda zai rufe kayan, a ajiye sauran a gefe. Idan ya tafasa a rage wuta, a rufe, a bar shi minti 15 zuwa 20, har cokali ya ratsa yanka ɗaya ba tare da an danna ba.

Kada a wuce haka. Dangin kabeji duka suna da sinadarai masu ƙibiritu a jikinsu, kuma idan dahuwa ta yi yawa su ne ke fitar da warin nan da ke cika gida. Doguwar dahuwa tana kuma rage bitamin C. Amfanin miyar sha shi ne ruwan da aka dafa da shi ba a zubarwa, don haka abin da ya narke a ciki yana nan cikin kwano.

Sai markaɗe. Mai injin markaɗe na lantarki ya bari ta ɗan huce, kada ya cika kofin fiye da rabi, ya kuma danne murfin da tsumma, domin tururi na iya ɗaga murfi ya watsa wa mutum miya mai zafi. Wanda ba shi da inji, ko aka ɗauke wuta, ya tsame kayan ya daka a turmi mai tsabta, ko ya burge su da maburgi a cikin tukunyar, sannan ya tace da rariya yana dannawa da bayan ludayi. A mayar kan wuta, a riƙa ƙara sauran romon kaɗan-kaɗan har kaurin ya kai na kunun gyaɗa mai kyau. A ɗanɗana kafin a sa gishiri.

Game da dunƙulen ɗanɗano na kanti, a tuna kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Idan romon na gaske ne, ba a buƙatarsa. Idan ruwa zalla aka sa, ƙaramin cokali na dakakkiyar daddawa, wadda Julawa ke kira sumbala, ko garin busasshen kifi, zai ba da daɗin da ake nema.

Abin da zai tsaya a madadin kirim

A nan kowa zai duba abin da ke kusa da shi da abin da aljihunsa zai ɗauka.

Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wato tigadege: cokali 2, a dama da ruwan ɗumi ta saki, a zuba tun kafin a markaɗa miyar, a bar ta ta dahu aƙalla minti 10 don gafin ya fita. A sayi gyaɗar a wurin da aka yarda da shi, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma tafasa ba ta kashe wannan guba.

Madarar gwangwani ta ruwa: cokali 4, a zuba bayan an rage wuta. A karanta jikin gwangwanin, a tabbata an rubuta non sucré. Mai suga ta shayi ce da burodi, idan ta shiga miya an yi asarar tukunya.

Madarar kwakwa: rabin kofi. Kwakwa ba ta wuya a nan, ga gonakinta a bakin teku daga Port-Bouët zuwa Grand-Bassam. A goga tsokar busasshiyar kwakwa ɗaya, a zuba ruwan ɗumi kofi ɗaya, a matse a tace. Tana tafiya sosai da citta da ɗan attaruhu.

Kashu: cikin tafin hannu ɗaya na wanda ba a sa wa gishiri ba, a jiƙa cikin ruwan zafi na rabin awa, a markaɗa tare da miyar. Kwaddebuwa ce ta ɗaya a duniya wajen noman kashu, a 2023 ta girbe sama da tan miliyan ɗaya, amma kaɗan ne ke shiga tukunyarmu. Ɓararrajin da ya karye wajen sarrafawa ya fi araha, kuma a miya aikinsu ɗaya da cikakke. Cikin duka, shi ne ya fi kusa da kirim a launi da santsi.

Kindirmo ko yogot marar suga: cokali ɗaya a kan kowane kwano, bayan an zuba. Kada a tafasa shi. Tsami da zafi idan suka haɗu suna sa madara ta tsinke ta yi gudaji. Saboda wannan dalilin ne ma, mai son matsa lemon tsami ya bari sai an sauke, kuma kada ya haɗa shi da madara a tukunya ɗaya.

Wannan miya ta dace da buɗa-baki, domin tana shiga cikin da ya wuni ba komai ba tare da ta yi masa nauyi ba. Ta dace da tsoho marar haƙora da mai jinya. Yaron da ya wuce wata 6 ma ana iya ɗibar masa, amma kafin a sa gishiri, barkono ko dunƙule.

Wanda sai da tuwo

Akwai gidajen da idan aka ajiye wa maigida miya da cokali ba tuwo, zai ce ba a ba shi abinci ba. Ga irin wannan gida, a sa shu-rab cikin taushe. A raba: rabi kabewa, rabi shu-rab. A dafa su cikin romon nama tare da jajjagen tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. Shu-rab ya fi kabewa jinkirin dahuwa, don haka a riga sa shi da kamar minti 5. Idan sun yi laushi a burge, a zuba gyaɗa da daddawa, a bari mai ya taso. A ƙarshe a yanka ganyen shu-rab ɗin a zuba a madadin alayyafo, tare da 'yar yakuwa don tsami. Amfaninsa a nan shi ne yana rage zaƙin kabewa, wanda wasu ba sa so, ba tare da ya rage kaurin miyar ba. Tana tafiya da tuwon shinkafa, da masa, da sinasir.

Mahaɗi iri huɗu

Kwaɗo. Wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ta fi adana bitamin C tunda ba a dafawa. A fere, a goga da magogi mai manyan ƙofofi ko a yanka siri-siri kamar ashana. A barbaɗa gishiri kaɗan, a bar shi minti 10, a matse ruwan. A zuba garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, barkono, man gyaɗa cokali ɗaya da lemon tsami. A gefen aceke da gasasshen kifi, ko a kan garba da aka sayo aka kawo gida, yana cike giɓin kayan lambun da muka ambata. Idan aka ci da wake ko zogale kuma, bitamin C ɗin yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikinsu.

Soyayye da albasa. A yanka fale-fale, kaurin rabin santimita. A soya albasa sama-sama, a zuba shu-rab, a yayyafa ruwa cokali 3, a rufe na minti 6 zuwa 8. A buɗe, a ƙara wuta ruwan ya tsotse, gefen ya ɗan yi ja. A barbaɗa yajin tsire. Yana zama daidai a gefen shinkafa ko gasasshen nama.

Dakakke. A dafa rabi shu-rab rabi dankalin Turawa, a tsiyaye ruwan sosai, a mayar kan wuta na minti ɗaya sauran laimar ta fita, sannan a daka da man shanu kaɗan da madara mai ɗumi. Shu-rab yana da ruwa, don haka idan ba a tsane shi ba dakakken zai yi ruwa-ruwa. Ruwan da aka tsiyaye kuma a ajiye shi don miya. Mai son rage sitaci a kwanonsa zai samu abin da ya yi kama da wanda ya saba, amma da sauƙin nauyi.

Ganye. A cire jijiyar tsakiya idan ta yi tauri, a yanka, a sulala na minti 4 ko 5. Daga nan ana iya kwaɗa shi kamar zogale, irin wanda ake kira kopto a yammacin Nijar, ko a zuba cikin dambu.

Tsabta da ajiya

Kayan lambu suna bin hannaye da yawa da ƙasan kasuwa kafin su iso gida, don haka a wanke curin da ruwa mai tsabta kafin a fere, a kuma ɗauraye bayan an fere, musamman idan ɗanye za a ci. Ganyen a wanke ɗaya-ɗaya, kuma ya fi kyau a dafa shi. A raba ganye da curi tun ranar da aka sayo, domin ganyen yana zuƙe ruwan curin. A firji curin zai yi mako biyu, ganyen kwana biyu ko uku. Inda babu firji, a yi amfani da shi cikin kwana biyu.

Miyar da aka sa wa madara ko kwakwa ba ta son zama a waje. A zafin Abidjan kada ta wuce awa biyu ba ta shiga firji ba. Wanda ba shi da firji ya dafa iya ta ci ɗaya, ko ya bar madarar sai a kwanon da za a sha nan take.

Magana ga masu lambu

Yawancin masu karanta wannan shafi suna da ƙafa ɗaya a bakin teku, ɗaya a gida. Abin da yanayin Abidjan ya hana, hunturun Maraɗi, Tawa, Damagaram, Kano da Zariya yana bayarwa, balle tsaunukan Ayar da Jos. Duk fadamar da kabeji ke yi a noman rani, shu-rab zai iya yi, kuma ya fi kabeji saurin nuna: irin da ake kira farin Biyana da shuɗin Biyana suna kaiwa girbi cikin kamar wata biyu. Ana barin tazarar santimita 20 zuwa 25 tsakanin tsiro da tsiro. Babban sharaɗinsa shi ne ban-ruwa ba yankewa, domin idan ya sha ƙishi ya kuma samu ruwa da yawa lokaci ɗaya, curin yana tsagewa ko ya yi itace. Tsutsar da ke cin kabeji shi ma tana cinsa. Da yake curin yana da tauri, ya fi latas da tumatir jure hanya.

Ba a cewa manomi ya cika gona da abin da kasuwa ba ta san shi ba. Fangali ɗaya ko biyu a gefen kabeji sun isa gwaji, a ci a gida, a kai wa masu abinci a gari su ɗanɗana. Kabeji da karas da dankalin Turawa ma a da baƙi ne a lambunanmu, yau ba mai kiransu baƙi.

Kafin shu-rab ya zama kayan yau da kullum a Adjamé, mai girki yana da abin farawa. Duk ranar da aka sayi kabeji biyu, kada a zubar da zuciyar da fararen jijiyoyin. A haɗa su da albasa ɗaya, dankali ɗaya da cokali biyu na gyaɗa, a bi matakan da ke sama. Cikin rabin awa za a sauke miya mai sulɓi daga abin da a da kwandon shara ke cinyewa.